Tarwaɗar Rijiyar Gwaggo

A cikin gari, duk gidan da yake da rijiya da wuya ka rasa tarwaɗa ɗaya a ƙasanta. Haka muka taso muka tarar. Manya sun ce ita take cinye tsutsa da kyankyaso da duk ƙwaron da ya faɗa, ruwa ya zauna da tsabtarsa, kuma ranar da aka ga ta taso ta yi rigingine, to kada wanda ya sake shan ruwan. Ba a ba ta abinci, ba a cin ta, ganinta ma sai an dace. Sai dai wani lokacin ka zura guga ka ji an ɗan ture shi daga ƙasa, ka san tana nan.

Ta gidan Gwaggo, yayar mahaifina, ita nake son in ba da labarinta. Gidan a Soron Ɗinki yake, tsohon ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Ni kuma aure ya kai ni Shahuci, tafiyar da ba ta isa a hau adaidaita ba. Kusan kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai na biya, in sha ruwan randa, in sha faɗa, sannan in wuce gida.

Gwaggo suyar kifi take yi. Tun da mijinta ya rasu ta kafa kasko a soro, ta ce ita ba za ta zauna tana jiran wani ya miƙo mata ba. Doguwa ce, mai murya, in tana magana a tsakar gida wanda yake wucewa a lungu yana jin ta. Kifin ƙanƙara take soyawa, na teku, wanda ake kawo mata a kwali daga kasuwa, ita da iyakar ruwan da ta taɓa gani shi ne kogin Wudil ta tagar mota. Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba. Kafin ki gama gaishe ta ta farke kifi, ta zare hanji, ta wurga a baho ta ɗauki wani, idonta yana kanki tana tambayar me ya sa kika rame.

Ƙwan kifin kuwa ba ta sayarwa. Gefe take tarawa ta soya mana da yaji, kuma a wurin tarawar ne take nata karatun. Ita ta nuna min cewa akwai watannin da kusan duk kifin da ka buɗe da ƙwai a ciki, akwai kuma watannin da za ka farke kwali guda ka tarar wayam. Ta taɓa tsaga jakar ƙwan a tafin hannunta ta ce in duba: waɗansu sun nuna, manya, garau da su, waɗansu kuma ƙanana kamar tsakin gero. Ta ce waɗannan na tekun ba sa juye cikinsu lokaci ɗaya, saki suke yi kaɗan-kaɗan, su huta, su sake, in wancan zubin ya lalace wani ya tsira. Ni ban san komai a kan teku ba, sai in ce to, in miƙa hannu in ɗauki rabona. Ita kuwa sai ta hau zagin masuntan da ba ta taɓa gani ba, wai wane irin rashin imani ne a kama halitta da tsohon ciki, alhali a lokacin wuƙarta tana cikin na gaba.

A bayan gidan a da akwai kududdufi. Kakanni ne suka haƙa shi wajen ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya zo ya zauna a ciki. Ba wani abin sha'awa ba ne, kore shar, ga shara, ga sauro, amma yana da tarwaɗa, baƙaƙe masu taurin rai, waɗanda in ruwa ya ja da rani sai su nutse a taɓo su jira. Daga baya aka fara cike shi da bola, aka yanka filaye, yau shaguna ne a wurin da wani gidan bene. Ranar da ake cike ragowar taɓon, Gwaggo ta yafa mayafi ta fita da ƙwarya, ta kutsa tsakanin leburori, ta tsamo guda ɗaya da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ta zo ta sake ta a rijiya. Shekara goma da ɗoriya ke nan. Duk unguwar an san wannan ce kaɗai ta rage daga kifin kududdufin nan, don Gwaggo ba ta bari a manta.

To, wata damina sai gefen rijiyar ya zabtare. Ramin ya ci har kusa da gindin ɗakin Gwaggo, bango ya tsage. Da rani Yaya, ɗanta na fari, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya kawo magini. Magini ya duba ya ce in aka bar rijiyar nan ta ga wata daminar, ɗakin zai bi ta. Ba yadda za a yi, sai an cike ta kafin ruwa ya kankama. Gwaggo ba ta musa ba, ai ba mahaukaciya ba ce. Abu ɗaya ta ce, kuma a kai ta kafe kai da fata: ba za a zuba ko shebur ɗaya ba sai tarwaɗarta ta bar baya.

Yaya mutum ne mai haƙuri, amma har shi sai da ya cire hula ya sosa kai. Ya ce a mai da kifin rijiyar maƙwabta. Ta ce tarwaɗar ta tsufa, can ma mutuwa za ta yi ita kaɗai, shi ke nan iri ya ƙare. Ya ce zai sayo mata 'ya'yan kifi cike da bokiti daga gona. Sai ta juyo gare ni, don ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma kallonsa in tana masa faɗa. Ta ce in gaya wa wancan yaron cewa na gona 'yan gata ne masu cin abincin buhu, kwana biyu ba ruwa sun sheƙa lahira, ita nata take so. Na gaya masa, alhali yana tsaye kusa da ni ya ji komai.

Ni kaina abin ya ishe ni, na ce, "Gwaggo, don Allah, ɗaki zai faɗo miki a ka saboda kifi?" Ta ce ɗakinta ne, kanta ne.

Maigidana ne ya haɗa mu da wani Malam da yake ƙyanƙyasar kifi a bayan gari, wajen Kura. Dattijo ne mai sanyin magana, wandonsa kullum a naɗe zuwa ƙwauri. Ya zo a kan babur, aka kuma kira mai yasar rijiya ya sauka da kwando. Bazara ce, ruwa ya yi ƙasa, bai sha wahala ba. Muka yi cirko-cirko a bakin rijiya muna jan igiya. Abin da ya fito ya fi kamu guda, ƙaton kai, jiki siriri, gashin baki zaƙo-zaƙo, launin ya koɗe saboda zaman duhu. Ni dai ban ga kyau ba. Gwaggo kuwa tsayawa ta yi tana kallo, bakinta a rufe, abin da ba a saba gani ba.

Duk shekarun nan a wurin Gwaggo mace ce. In ka tambaye ta yadda aka yi ta sani, sai ta ce wane namiji ne zai zauna a rami shekara da shekaru bai yi ƙorafi ba? A tunaninta ƙwai ne fal a ciki, miji kawai za a kawo. Malam ya juya kifin a kan jiƙaƙƙen buhu, ya nuna mana wani ɗan tsiro mai tsini kusa da wutsiya, ya ce, "Hajiya, ai namiji ne." Na yi dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ta harare ni, ta ce ita kifi sai ta buɗe shi take sanin ko wane ne, wannan kuwa ba ta taɓa buɗe shi ba. Can kuma sai fuskarta ta washe, ta ce to ai gara ma haka, iri na uba ne, uwa daga ko'ina ana ɗaukowa.

Sai Malam ya yi bayanin yadda aikin yake, a hankali, yana kallon ƙasa. Mace ana yi mata allura, in ƙwai ya saki a matse cikinta a kwano, a mai da ita ruwa da ranta. Namijin tarwaɗa kuwa ba ya matsuwa. Ruwansa yana cikin wasu 'yan jakunkuna biyu can cikin ciki, kuma hanyar da masu sana'ar suke bi ita ce a farke shi a ciro su. Ya ce 'ya'yan kifin da suke sayarwa a gona duk haka aka same su, uban ba ya ganinsu.

Gwaggo ta ɗauki buhun da kifin a kai, ta mai da shi cikin baho da kanta, ta ce ba da ita ba. Sannan ta tambayi Malam, a kududdufi wa yake bin su da reza? Ta ba shi labarin abin da ta gani da idonta tun tana amarya a gidan. In ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, kududdufi ya cika ya hau kan ciyawar gefe, da asuba sai ka ga tarwaɗa sun fito bakin-bakin ruwa suna birgima, bayansu a waje, namiji ya naɗe kan mace, wurin ya yi ta facal-facal. Ba a daɗewa sai ga 'ya'ya baƙi ƙirin a cikin ciyawa. Malam ya ce gaskiya ne, kuma ana iya kwaikwayon haka a gida, amma ba ya cika yin kyau, ballantana da tsohon da bai taɓa ganin mace ba. Ta ce a gwada.

Aka gwada. Yaya ya jera bulo a tsakar gida aka shimfiɗa tamfol a ciki. Gwaggo ta aika aka yanko ciyawa, ta zauna ta warware zaren buhu ta baza don ƙwai ya samu abin maƙalewa. Ta kife kaskonta, masu zuwa sayen kifi suna sallama suna komawa. Ta ƙi ruwan 'yan ga-ruwa, ta ce na sama za a jira, shi kifin ya sani. Matan unguwa suka samu abin yi, kowacce ta leƙo sai ta tambaya yaushe ne ɗaurin aure, ina kayan lefe. Gwaggo tana ba su amsa daidai da su, amma na lura idonta kullum yana gabas. Magini kuma yana zuwa yana duba bango yana girgiza kai, tsagar da a da yatsa ba ya shiga yanzu hannu yana shiga. Da ƙyar Yaya ya samu ta yarda ta koma kwana ɗakin jikokinta.

Ranar da hadari ya haɗo da la'asar, Yaya ya buga wa Malam waya, Malam ya iso da macen tarwaɗa a cikin jarka, jibgegiya, ciki ya yi ƙato, ya yi mata allura. Ruwa ya kece. Muka tara na indararo a duk wani baho da bokitin da ke gidan, muna juyewa a tamfol har ya hau kan ciyawa. Gwaggo tana tsaye a cikin ruwan, zani ya manne mata, ɗankwali ya zame, tana nuna inda za a zuba da inda ba za a taka ba. Ina ta mita ina cewa zazzaɓi zai kama mu a banza, amma wallahi a ranar na ji ina alfahari da cewa jinina ce. Aka sake su su biyun, aka rufe da tabarma, kowa ya tafi ya canza kaya.

Da safe muka ɗaga tabarma, ga ƙwai ko'ina a jikin zaren buhu, kore-kore, sun manne. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi. Malam ya ce a dai jira zuwa yamma. Kafin la'asar duk sun yi fari fat, ruwan ya fara wari. Ashe macen ita kaɗai ta zubar, namijin ko kusa bai je ba. Yana can kusurwar da ta fi duhu, ya cusa kansa a ninkin tamfol, ga cizo a gefensa inda ta far masa. Ya saba da raminsa shi kaɗai, fili da haske da baƙuwa duk sun firgita shi.

Daga ranar bai ƙara cin komai ba. Gwaggo ta mai da shi cikin tsohuwar randa ta rufe, ko ya samu duhun da ya saba. Ta haƙo tana, ta sa aka samo gara, ta yanka masa hanjin kifi, ko kallo bai yi ba. Ciwon gefen ya yi fari yana ƙara faɗi. Rijiya kuma ba ta komuwa, don ruwan nan guda ya ƙara zabtare ta. Malam ya zo ya duba, ya daɗe a tsugune, sannan ya gaya mata gaskiya. Ya ce kifin nan tafiya zai yi, in ba gobe ba jibi, kuma in ya mutu da kansa abin da ke cikinsa ya mutu tare da shi. In ana so, yana da wata macen da ta nuna. Ya ce ba zai matsa mata ba, kifinta ne.

Gwaggo ta miƙe. Ta yi alwala ta shiga ta yi la'asar, ta daɗe a kan sallaya. Ni ina zaune a bakin randa raina a jagule, ina jin haushin kifin, ina jin haushin Malam da bai yi min komai ba, ina jin haushin waɗanda suka cike kududdufi suka dasa shaguna. Da ta fito ta ce ya je ya yi wa macen allura, gobe da safe ya kawo ta.

Na zo da sassafe, ban je makaranta ba. Malam ya shimfiɗa kayansa a kan tabarma: busasshen kwanon roba, ruwan gishiri a kwalba, gashin kaza, sabuwar reza a takardarta, da yankin gidan sauro. Ya riƙe macen da tsumma ya matsa cikinta a hankali, ƙwai ya zubo a kwano. Ya miƙa hannu zai ɗauko namijin daga randa, sai Gwaggo ta ce, "Malam, bari. Ni na ɗauko shi daga taɓo, ba wanda zai sa masa ƙarfe sai ni. Ka dai nuna min wurin."

Ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗora jiƙaƙƙen buhu a cinya, ta kwantar da shi, ta rufe masa ido da gefen buhun. Ta yi bismillah. Da wuƙarta ta fara, a bayan kai, sau ɗaya, don kada ya ji sauran. Sannan ta karɓi reza. Hannunta a hankali ya tafi, ni ina riƙe da kwano. Malam ya nuna da tsinke, ta ɗaga hanji, ga jakunkunan nan biyu. Ɗaya ta shanye, ba komai a ciki. Ɗayar tana da ɗan fari a gefe. Ta ciro ta, ta goge jinin da tsumma, ta tsaga a kan ƙwan, ɗigo kaɗan suka sauka. Malam ya ɗauraye ragowar da ruwan gishiri, ya juya da gashin kaza, ya ƙara ruwa, ya baza a kan gidan sauron a cikin tamfol. Ya ce abin da aka samu ke nan, sauran na Allah ne.

Naman ba ta bari ya lalace ba. Ta yi farfesu da shi, ta sa kayan ƙamshi sosai, ta aika wa wata tsohuwa maƙwabciya da take kwance ba lafiya. Ita ko gishirin ba ta ɗanɗana ba, ni ta sa. Na ɗanɗana ina hawaye, tana ce min sakarya, wa ya taɓa kukan kifi. Sannan ta ce in gaya wa wancan yaron ya kira masu cikewa. Na ce ba za a jira a ga ko ƙwan zai yi ba? Ta ce jiran me, ko ya yi ko bai yi ba mai rijiyar ya tafi.

Washegari leburori suka zo da baro da shebur. Da farko in suka juye ƙasa sai ka ji ta faɗa ruwa can ƙasa, daga baya ƙarar ta koma ta ƙasa a kan ƙasa. Gwaggo ta juya musu baya, ta tsuguna a bakin tamfol da tsinken tsintsiya, tana tsince fararen ƙwai ɗaya bayan ɗaya don kada su ruɓar da masu rai, kamar yadda Malam ya nuna mata. Fararen sun yi yawa, sun fi sauran nesa ba kusa ba, kuma duk sanda na leƙa sai in ga sun ƙaru. Na kai mata koko ta ce in ajiye. Rana ta taso ta same ta a wurin, na riƙe mata tabarma a ka har hannuna ya gaji. Ba ta waiwaya wajen rijiyar ba.

Wajen azahar ta kira ni a hankali, ba da muryar da na sani ba. Ta ce in duba mata ƙarƙashin gidan sauron, ko idonta ne yake mata gizo. Na kwanta rub da ciki a kan siminti, na ɗaga gefen kaɗan. Ga su nan a ƙasan tamfol, ƙanana, kamar guntayen zare masu kai, kowanne yana kaɗa wutsiya a wuri ɗaya. Ba su da yawa, ko cokali ba za su cika ba. Na ce mata suna motsi. Ta ce in sake dubawa. Na ce, "Wallahi Gwaggo suna motsi."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta goge fuska da haɓar zani, ta daɗe a haka. A bayanta leburori suna daddaɓe ƙasa a inda rijiya take. Can ta ɗago ta ce, "To tashi. Kafin su girma, ki bi gida-gida ki tambayo min wa yake da sauran rijiya a unguwar nan."

Na yafa mayafina na fita. Gidan farko sun cike tasu bara. Na biyu sun yi bohol, na uku ma haka. Na gyara mayafi na ci gaba da sallama.